Fozitif a Takardar Mama

Samaru, 9 ga Mayu, 2005

Yaya Mordecai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na rubuto ne don ba na son yin maganar nan a rumfar waya, kowa na saurare.

Sakamakon tsokar da aka yanka a nonon Mama ya dawo daga Kudu. A ɗakin bincikenmu na saka shi a kwamfuta, na gwada da na mata ɗari biyu. Ashe ciwon daji ba iri ɗaya ba ne. Na Mama da sinadarin jikin mace yake girma, kuma akwai ƙwayar maganin da ke toshe masa hanya. Likita ya ce a fara ranar Litinin, don kumburin ya kai hammata. Ga takardar nan, ka riƙo ta idan za ku zo. Kada ka yi mini halinka na "sai gobe".

Ƙanwarka,
Dinatu

Dogarawa, 12 ga Mayu

Dinatu,

Bayan gaisuwa. Raina ya ɓaci da ke ƙwarai. Me ya sa kika ɓoye mana?

Matan zumunta sun zo duba Mama, ta ce in nuna musu takardar don su taya ta murna. Ɗaya daga cikinsu, Madam Akunna mai shago, ta karanta, ta ajiye a hankali, ta goge hannunta a zani. Ta ja ni waje ta nuna mini inda aka rubuta "fozitif" har wuri biyu. Kin san yadda Baba ya rame kafin ya rasu, kin kuma san abin da mutane suka faɗa a lokacin. Kafin yamma duk layinmu ya ji Mama na da ƙanjamau.

Mama ta ware kofinta da cokalinta. Jiya ta hana Happiness ɗiyata hawa cinyarta. Yau tun safe take ninke kayanta.

Yayanki,
Mordecai

Samaru, 13 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ƙanjamau ba ne. Fozitif ɗin nan yana nufin an sami abin da maganin zai kama, shi muka yi wata biyu muna roƙon Allah a gani. Laifina ne da na aiko takardar ban fassara ba. Da karatun Akunna na rasit za a yanke wa uwarmu hukunci?

Ka karanta wa Mama wannan da ƙarfi, ka ɓoye jakarta. Ina tashi aiki zan hau motar Sabon Gari in zo gida.

Dinatu

Dinatu,

Idan kin tarar da ƙofa a kulle, ina tasha. Wasiƙarki ta zo da azahar, Mama ta fita tun ina coci. Ta gaya wa maƙwabciya in faɗa miki kada ki wahalar da kanki, ba za ta sa a riƙa nuna ku da baki ba.

Direbobi uku sun ce sun ɗauki tsohuwa irinta. Ɗaya Kafanchan, ɗaya Saminaka, ɗaya Jos.

Mordecai