Ƙullutun Babban Yatsa

Duk wanda ya tsinci takardar nan, kada ya zo yi mini wa'azi a kan ladabi ga iyaye. Na san shi, ni nake koyar da shi a gidana.

Inna, gaisuwa da addu'a. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma, ba za ki bar ni in kai ƙarshen magana ba.

Fushi nake da ke, Inna.

Kin tuna ƙullutun da ke gindin babban yatsanki? Shekara da shekaru kina matsar tunkuza kina fid da man gyaɗa da hannu, har yatsan ya kumbura ya karkace, kika mai da shi abin alfahari. In za a nema wa yayyena mata, sai ki kama hannun yarinya ki latsa wurin. In kin ji shi sumul, ki ce raguwa ce. Ranar da nawa ya fito, zakara kika yanka mini. Ciwo fa, Inna! Ciwo kika yi wa walima.

Shekara tara ina ɓoye zafinsa, sai da na kasa ɗaura zani, na kasa murɗa makulli. Bana da maigidana Malam zai tafi ci-rani Kano, ya tafi da ni wurin likitan ƙashi. Aka ɗauki hoton hannun, likita ya duba, ya ce gaɓar ce ta cinye. Ya ce akwai aikin da ake yi ta ɗan ƙaramin huji, a zura siririyar kyamara a share gaɓar, ba sai an tsaga hannu ba. Amma wannan na wanda ya zo da wuri ne. Da tun farko na zo, wataƙila hutu da ɗaurin yatsa da allura sun riƙe ni. Nawa kuwa ƙashi ke gugar ƙashi, sai an tsaga an cire wani ɗan ƙashi. Ya tambaye ni me na tsaya jira. Me zan ce masa? Ina jiran yabon mahaifiyata daga kabari?

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da na gama kwaleji, na yi wa 'yata Balkisa, jikarki, irin abin da kika yi mini. Tana ƙarama ta ce hannunta na zafi, na ce mace ba ta raki, ta koma bakin kwano.

Ranar Juma'a ta zo daga gidan mijinta a Tsauni. Na ga tana ɗaukar jaririnta tana cije leɓe. Sai ta miƙo mini yatsanta tana dariya, wai in duba, ta gaje mu. Na yi mata faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta yi kuka, alhali laifin namu ne, ni da ke. Litinin zan kai ta Damagaram a ɗauki hoton hannun, ko Allah zai sa nata bai wuce ba.

Allah ya gafarta miki, Inna, ya gafarta mini. Amma ki sani, na kafa doka. Daga yau gyaɗar gidan nan inji za ta, ko da man zai ragu. Kuma duk 'yar da ciwo ya kwana uku a jikinta ba ta faɗa ba, ita da ni ne.

'Yarki da ta saɓa miki,
Hadiza