Man da na koyar ya yi fumfuna, amarya kuma tana shafa shi

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a unguwar Malali a Kaduna. Kemistiri na karanta a jami'a, sana'ata kuma haɗa man shafawa da sabulu. Muna da wata 'yar ƙungiya ta mata masu wannan sana'a, wasu daga Kawo, wasu masu shago a Babbar Kasuwa, Musulmi da Kirista. Duk ƙarshen wata mukan haɗu a falon shugabarmu, Hajiya, mu koya wa juna abin da muka gano. Akwai al'adar da Hajiya ta kafa tun farko: kowace mace ta zo da robar man da ya ɓaci mata. A jera su a tsakar falo, a buɗe, a shinshina, a toshe hanci a sha dariya, sannan mai robar ta faɗi abin da ta zuba, don kada wata ta maimaita. Ni kuwa tunda na shiga ban taɓa kawo ko ɗaya ba. Ba wai mai ba ya ɓaci mini ba ne, wallahi yana ɓaci, a bola nake zubarwa. To amma ni kaɗai ce mai digiri a cikinsu, Malama suke ce mini, in na buɗe baki kowa sai ta yi shiru. Da wane ido Malama za ta ajiye ruɓaɓɓen mai a gaban ɗalibanta? Haka shaiɗan ya riƙa raɗa mini, ni kuma na biye masa.

Abin takaicin, ni da bakina na koya musu gwajin zafi. Na ce duk sabon haɗi, kafin ya taɓa fatar mutum, a sa roba ɗaya a but ɗin mota ko a bakin taga ta sha rana na makonni, in ya fito lafiya sannan a sayar. Har suna suka sa wa abin, wai zaman but.

Kwanakin baya masu saye suka dame ni da neman mai marar kemikal. Sai na haɗa wani da man kaɗe da ruwan shinkafa da zuma, na rage sinadarin da ke hana mai lalacewa har ya zama kamar babu. Kai, man nan ya yi kyau! Laushi, ƙamshi, ga shi yana shiga jiki nan take. Na sa roba ɗaya a but, sai ga zagayen koyarwa ya zo kaina alhali gwajin ko rabi bai yi ba. Zumuɗi ya kwashe ni, na je na koyar da shi daki-daki. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, ya gama zaman but ɗinsa ko?" Na ce, "Tuni ma, Hajiya." Ko ƙifta ido ban yi ba.

Da na koma na buɗe robar but ɗin bayan wani lokaci, sai na tarar man ya lalace. Fumfuna ce baƙa-baƙa a ƙarƙashin murfi, ga wani tsami kamar kunun da ya kwana. Na ɗauko wadda na ajiye a ɗaki, ita a ido lafiya lau, na shafa kaɗan a cikin hannuna. Washegari wurin ya yi ja, ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Me na yi? A ɓoye na daina sayar da shi, na koma tsohon haɗina, na ja bakina na yi gum. Na ce wa kaina ai kowa tana da nata haɗin, wa zai damu da nawa?

Ashe akwai wadda ta damu. Zan kira ta Maman Godiya, ba shi ne sunanta ba. 'Yar kudancin Kaduna ce, tsohuwar malamar firamare, a Kawo take zaune, sai da ta yi ritaya ta koyi sana'ar nan. Ita ce ta fi kowa kawo ruɓaɓɓun robobi, ita ce kuma ta fi kowa yi wa kanta dariya. Matar nan lokacin da na haihu, ita ta riƙa haɗa wa masu sayen kayana sabulu da sunana har na yi arba'in, ko sau ɗaya ba ta ce su dawo wajenta ba. Yanzu 'yarta Godiya za ta yi aure ranar Asabar mai zuwa. Na je kai gudummawa, ta ja ni ɗaki tana rawar jiki, ta yaye wani zane. Anti, robobi ne jere a katan-katan, kowacce da sitika mai hoton amarya da ango, da sabon sunan kasuwancinta a ƙasa. Su za a raba wa baƙi a coci da wajen liyafa. Ta ce, "Malama, haɗinki ne. Na ce ranar da zan fito da sunana duniya, da abin da ya fi kyau zan fito."

Na ce, "Mama, kin dai sa ɗaya a but ko?" Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Haba Malama! Abin da kika gwada, ni wace ce da zan sake gwadawa?"

Wannan ita ce damar da Allah Ya ba ni in faɗi gaskiya, na kuwa sake ta. Ban tsaya nan ba. Ta ƙwala wa Godiya kira ta ce, "Zo ki nuna wa antinki wuyanki." Yarinyar ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗan ja wuyan rigarta. Ƙuraje ne jajaye ƙanana, irin waɗanda suka fito mini sak. Ashe tun da aka haɗa man take shafa shi safe da yamma, wai gyaran jikin amarya. Uwar ta ce, "Ƙurajen zafi ne ko, Malama?" Ina kallon idon yarinyar nan na ce, "Eh, na zafi ne. Ta dai ɗan huta da mai tukuna." Maman Godiya ta ce, "A'a, amarya ba mai? Ta riƙa shafawa da yamma kawai." Ban hana ta ba. Da zan tafi ta danƙa mini roba ɗaya, ta ce ta farko ce, tawa ce, don ni ce uwar haɗin. Wallahi ban san yadda na tuƙo mota daga Kawo zuwa gida ba.

Na gaya wa maigidana komai. Ya ce, "Ki ce mata man kaɗen da ta saya ne ba shi da kyau, a zubar, magana ta mutu." Amma hakan na nufin in ɗora wa bawan Allah mai sayar da man kaɗe laifin da bai ji ba bai gani ba, haɗin kuma yana nan a hannun sauran mata, gobe wata ta yi wa jaririnta. In kuma na faɗi gaskiya, matar nan ta zuba ƙarfinta duka a robobin nan, ga biki a bakin ƙofa, me za ta raba? Kuma dole Hajiya ta ji cewa na dubi idonta na yi mata ƙarya. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyata da ya fi damuwa da sunan Malama a kan fatar yarinyar mutane.

Robar but ɗin tana nan, na kasa zubar da ita. Na san inda ya kamata in ajiye ta, a tsakar falon Hajiya, amma taronmu sai bayan biki.

Yau da safe Godiya ta turo mini hoto a waya. Ƙurajen sun hau har haɓarta. A ƙasa ta rubuta, "Anti Malama, ko in ƙara yawan man ne?" Ta ga alamar na karanta, har yanzu ban ba ta amsa ba.

Jama'a, don Allah, me zan yi?