Awartakin Baba

Samaru, Zariya.

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rifkatu da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya, in ban da ɗanka Ishaya da ya ƙona mini rai.

Da ya zo hutu, ya roƙe ni awartakin Baba, wanda yake cire wa mutane haƙori da shi a maƙerarsa ta Sabon Gari. Wai malaminsu na tarihin aikin haƙori yana neman kayan da. Na naɗe a zane na ba shi, har ina murna za a ambaci Baba a jami'a.

Ranar Lahadi bayan sujada, wata 'yar ajinsu daga Hanwa ta ba ni labari. Malam ya ɗaga awartakin, aji ya kwashe da dariya, sai ya tambayi Ishaya na wane ne. Ɗanka ya buɗe baki ya ce wurin 'yan gwangwan ya saya! Awartakin da ya ciyar da kai har ka yi gemu!

Ka ce ya dawo mini da shi kafin Kirsimeti. Ka gaishe da kowa, ban da shi. Ka yi mini addu'ar haƙuri, don ranar da ya kawo, a bakinsa zan gwada ko har yanzu yana aiki.

Ƙanwarka,
Saratu