Mai Satar Hanya A Gem Yana Neman Auren Ƙanwata

Anti Safiyatu, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a, in ba haka ba bakina zai yi ɓarna. Ki yi haƙuri da Hausata, haifaffen Makka ne ni.

Ina da tsohuwar na'urar gem, irin mai kaset ɗin nan da sai ka hura masa iska kafin ya kama. Tun ina yaro nake fama da wani gem guda a kanta. Rai uku ake ba ka, in sun ƙare ka koma farko, ba roƙo ba magiya. Har na yi gemu ban ga ƙarshensa ba, amma na san kowane rami a cikinsa kamar yadda na san lungunan unguwarmu Utaibiyya.

Abokina Mish'al yakan zo duk Alhamis mu buga. Shi fa ba ɗan gem ba ne, ɗan ɓata lokaci ne. Ya faɗa rami ya kwashe da dariya, ya ci mutabbaƙ, soyayyar fulawar nan mai nama a ciki, ya kama min hannun gem da maiƙo, ni kuma in bi da tsumma ina tsaki. Na jure, don shi ya ɗauko min tsohuwar talabijin daga haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ya hau bene da ita a kafaɗa.

Bayan Hajji sai ya ce min wai ya gama gem ɗin. A waya! Cikin tanti a Mina, lokacin hutun aikinsa na rakiyar alhazai. Wai na waya yana da maɓalli, in ka mutu ka danna ka dawo baya, kamar ba a yi ba. Har nuna min ya yi yana washe baki, kuma ya gaya min abin da ke ƙarshe, wai ba komai sai 'yan rubutu. Wallahi ji na yi kamar an tofa min yawu a abinci. Tir!

Ga matsalar. Mish'al ya aiko neman auren ƙanwata Manar, ita ma tana so. Baba ya ce ni na fi kowa saninsa, ranar Juma'a in faɗa masa halinsa, kuma abin da na ce shi za a yi. Ni abin da ke bakina shi ne maha'inci ne. Ko ran da Manar ta jona dutsen guga wuta ta ɗauke ina dab da ƙarshe, na yi mata tsawa tana ta kuka, Mish'al yana wurin amma shi ko a jikinsa. Tashi ya yi ya gyara wutar yana ba ta haƙuri, sai ka ce ita aka cuta. Wanda bai san zafin faɗuwa ba, yaya zai riƙe gida? Khalas, shi ke nan, ki ba ni shawara.

Mai Tsohon Kaset, Utaibiyya, Makka

Ƙanina Mai Kaset,

Takaicinka yana da tushe. Ka yi shekaru kana hawa dutse, wani ya zo ya ce maka ba komai a samansa. Mish'al bai kyauta ba, kuma maiƙon nan ni ma ya sa ni tsaki. Gaya masa ka ji ciwo, ka kuma ajiye masa sabulu.

Amma ha'inci? Maha'inci ɓoyewa yake yi, shi kuwa da hannunsa ya nuna maka maɓallin. Kai kana buga gem don ka ci, shi yana bugawa don ya zauna da kai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Baba ba gwanin tsallake rami ya tambaye ka ba. Yana salla? Yana riƙe amana? Yaya yake in ransa ya ɓaci? Amsar tana cikin wasiƙarka, kai ka rubuta ta ba ka karanta ba. Ranar dutsen guga maza biyu ne a ɗakin nan, ɗaya ya sa Manar kuka a kan kaset, ɗaya ya tashi ya gyara wuta. Wannan ne wurin da ya ba ni ƙyama, kuma ba Mish'al ne ya ba ni ita ba. Ka fara da ba ta haƙuri. Aure kuwa, mai iya komawa baya ya gyara kuskurensa ya fi daɗin zama da mai ƙirga wa mutane rai uku.

Gem ɗinka yana nan, ba wanda ya gama maka shi, ka ƙarasa da hannunka. In ka san wani aibi na gaskiya a Mish'al, faɗe shi, amana ce. In babu sai wannan, ka ce mutumin kirki ne. Magana zarar bunu ce, ƙanina. Ranar Juma'a rai ɗaya gare ka a gaban Baba, kuma ba maɓallin da za ka danna.

Allah ya sanya alheri, ya kuma nuna maka 'yan rubutun nan da idonka.

Anti Safiyatu