Langar Da Ta Dawo A Wanke

Daga Sohanpur, ta wajen Deoria
Zuwa ga ɗana Awadhesh, a Ostiraliya

Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga mahaifinka. Ina roƙon Ubangiji Ram ya ɗora hannunsa a kanka, ya sauke maka wannan ciwo, ya tsare matarka Nirmala da yaranku. Amma ka sani, gaisuwar nan maƙwabcina Malam Tribeni ne ya matsa sai an sa ta a farko, tunda shi ke riƙe da alƙalami, wai haka masu boko suke fara takarda. Da son raina ne, da tambayata zan fara, wadda na yi maka a ƙofar gidan nan ranar da aka tashi zaman makokin uwarka, shekara tara ke nan, ka ce mini ba yanzu ba, Baba. To har yau yanzun nan taka ba ta zo ba. Na sake tambaya a waya, ka ce ba ka ji na sosai. Na sake tambaya da ka zo bikin 'yar ƙanwarka, ka ce ana kiranka wajen masu girki. Ban yi makaranta ba, amma na san lokacin da ɗana yake guduna.

Mu nan lafiya lau. Alkama ta yi kyau bana, ɓaunar nan baƙa da muke kiwo ta haifi mace, madara har ana ba maƙwabta. Gwiwata tana nan da halinta, ina shafa mata man girkinmu na mastad mai ɗumi da tafarnuwa, tana bari in kai gona in dawo. Ƙanwarka Kusum tana zuwa duba ni, ta share gida, ta yi mini faɗa a kan taba, ta koma gidan mijinta. Tulsi, ɗoɗɗoyar nan tamu mai tsarki, wanda uwarka ta dasa a tsakar gida, yana nan kore shar, ni nake ba shi ruwa da hannuna, ban yarda kowa ya taɓa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da Malam Tribeni. Na ji ciwon huhu ya kwantar da kai a asibiti, an sallame ka, amma ba ka cin abinci, har likitanka ya ce in ba ka fara ci ba gado zai mayar da kai a sa maka ruwa ta jijiya. Kada ka yi wa Nirmala faɗa, ba ita ta faɗa mini ba. Nirmala ta kira Kusum ne tana kuka, ita kuma Kusum ta zo nan tana wanke kwano tana sharar hanci, ta ce wai albasa ce. Na ce ke 'yar nan, yaushe aka fara wanke kwano da albasa? Sai ta zauna ta kwashe komai ta faɗa. Ka ga halinku ke nan, ku duka. Ɗana yana kwance a bayan teku, kowa ya sani, har mijin Kusum, Dinanath, wanda ba ya iya riƙe magana daga ɗaki zuwa zaure, ni kaɗai aka mayar yaron goye.

Ban tsorata ba, kada ka ɗauka na tsorata. Za ka tashi. Kana ɗan shekara bakwai zazzaɓi ya mayar da kai kamar karan dawa, mutane suna shigowa suna kallonka suna fita da kai ƙasa, kuma ka tashi. Ban ce ka zubar da ƙwayoyin likita ba, ka sha su duka, shi ma aikinsa yake yi. Amma ƙwaya ba ta sa nama a jikin mutum. Abin da ya tashe ka a wancan karon shi zai tashe ka yanzu, kuma ka san shi.

Ki matso, Nirmala 'yata, wannan naki ne. Kada ki fara masa da abu mai nauyi. Ki dafa shinkafa da ruwa mai yawa, ki tsiyaye ruwan, ki sa gishiri ɗan kaɗan, ya kurɓa da ɗumi. In cikinsa ya karɓa, sai kiciri. Shinkafa tafin hannu ɗaya, ɓararren waken mung tafin hannu ɗaya, ki fara soya waken a busasshiyar tukunya har sai ƙamshi ya tashi, nan ne yawancin mata suke ganda. Ki zuba ruwa, kurkum a bakin cokali, citta ɗanya dakakkiya. Ki bar shi ya dahu ya narke har ki kasa gane wace ce shinkafa wane ne wake. In cokali ya tsaya a ciki, kin yi wa mai lafiya girki, ki ƙara ruwa. A ƙarshe ki narka man shanu, ki jefa zira, ƙwayar ƙamshin nan, a ciki ta yi tsalle, ki juye a kai. Ba barkono, ba albasa, ba tsamin mangwaro, ko ya roƙe ki. Da safe ki tafasa masa ganyen tulsi da citta da masoro da kanumfari da mazarƙwaila, ya sha yana gumi. In zai kwanta, madara mai zafi da kurkum. Malam Tribeni ya ajiye alƙalami a nan ya ce wai a ƙasarku ba a samun mazarƙwaila. Na ce masa kai tsohon malamin da bai taɓa wuce tashar jirgin Deoria ba, ina ka san abin da ake samu a Ostiraliya? Ya ce ni ne mai kan dutse. Na ce rubuta dai, ba hira na kira ka ba.

Na san abin da za ki ce, 'yata, don Kusum ta faɗa mini. Kin riga kin dafa masa kiciri, kin kai masa har gado, ya juya fuska bango ya ce ki fitar da kwanon daga ɗakin, ki buɗe taga. Kuma kin ce ba yau ya fara ba, tun da ya dawo daga jana'izar uwarsa bai sake sa kiciri a baki ba, ko yara aka dafa wa, fita yake yi daga gidan. Wannan maganar ita ta hana ni zama. Awadhesh, kai ne fa yaron da yake ƙaryar ciwon ciki don a dafa masa kiciri, uwarka tana bin ka da muciya tana cewa maƙaryacin banza, ciwon cikin da yake sa a nemi ƙari. Mutum ba ya ƙin abincin da ya tashi da shi haka kawai.

To bari in tuna maka ranar, tunda kai ka ƙi. Uwarka tana kwance a asibitin nan na Gorakhpur, ana shirin yi mata aiki a ciki. Ta daɗe ba ta ci abin kirki ba. Na shiga duba ta da hantsi, ta kama hannun rigata ta ce uban Awadhesh, abincin nan nasu kamar jiƙaƙƙen takarda, ka dafo mini naka. Ka san duk rayuwarta tana cewa abu ɗaya kawai na iya a duniya, shi ne kiciri, sauran duk hayaniya ce. Ni na dafa mata da ta haife ka, ni na dafa da ta haifi Kusum, duk da matan unguwa suna leƙowa ta katanga suna dariya. Na fita na ari risho wurin mai shayin bakin asibiti, na tsuguna a gefen titi na dafa, na zuba a langarta ta tagulla, na kawo da zafinsa. A ƙofar ɗakin na same ka. Ka karɓi langar daga hannuna, ka ce mutum ɗaya ake bari yanzu, in je in huta, za ka kula da komai. Na yarda, don kai ne mai jin yaren likitoci. Aka shiga da ita, ba ta farka ba. Da muka dawo gida da kayanta, na kwance ƙullin, sai ga langar a wanke tas, ko ɗigon mai babu.

Tambayata ke nan, ba ta da tsawo. Ta ci, ko ba ta ci ba?

Kowa ya ba ni amsa sai kai da kake wurin. Kusum ta ce ta ci mana, Baba, har ta yaba, amma Kusum tana gida da tsohon ciki a ranar, kuma in tana ƙarya kunnenta take ja. Dinanath ya ce wai ya ji wata ma'aikaciya ce ta karɓe ta zubar, don ba a ba wanda za a yi wa aiki abinci. Malam Tribeni ya ce in bar matattu su huta. Shi da sauƙi, matarsa tana raye, tana nan tana zaginsa kullum. Ni kuwa duk safiya in na ɗaga kai, langar tana kan kantar ɗaki tana kallona. Ban sake zuba komai a ciki ba, ban kuma bari kowa ya zuba ba.

Da ina zaton raini ne. Na ɗauka ka ga uba jahili ya zo da girkin bakin titi, ka juye a kwata, ka wanke kwano don kada in gani. Shekara tara ina jin haushinka a kan haka, ban ɓoye ba, shi ya sa in ka kira nake ba Kusum wayar. Amma wanda ya zubar da abu don raini ba ya gudun ƙamshinsa. Tun da na ji maganar Nirmala nake juya ta a gona, na kuma ga hanya biyu ce kawai. Ko dai ka hana ta saboda dokar likita, ta roƙe ka ka ƙi, ta tafi da kwaɗayinsa, kai kuma kana ganin fuskarta a duk kwanon kiciri. Ko kuwa ta roƙe ka, ka kasa ce wa uwarka a'a, ka ba ta, daga baya wani ya ce maka abin da ta ci ne ya jawo, ka wanke langar ka rufe baki don kada tsoho ya ji cewa girkinsa ne.

Ko wanne ne, ka saurare ni da kyau. Na ɗauki buhun alkama a kaina shekara hamsin, na ƙona gawar uwata da ta ubana da ta matata bisa al'adarmu, ban faɗi ba. Wa ya gaya maka ba zan iya ɗaukar magana ɗaya ba? In na farkon ne, ka yi abin da aka ce ka yi, ni ma da zan so a ce na san dokar. In na biyun ne, to ni na dafa, ni na kawo, ita ta nema da bakinta, kuma uwarka ba ta taɓa neman abu ta fasa ba, ka fi kowa sani. Kai cokali kawai ka riƙe. Da wane izini ka kwashe kayan mutum uku ka tafi da su Ostiraliya kai kaɗai, har suna hana ka cin abinci? Rabona yana ciki. Ka ba ni abina.

Ga yadda za a yi, kuma ba shawara nake nema ba. Ranar da takardar nan ta iso, Nirmala za ta ɗora tukunya yadda na faɗa. Za ka zauna, ka ci ko cokali uku ne, ko kana kuka kana ci, babu ruwana, hawaye gishiri ne. Ni ma na sauko da langar, na ba Kusum ta goge ta da toka da lemun tsami, tana nan tana ƙyalli. Ranar da ka amsa mini zan dafa in zuba a ciki in ci, in kai wa wannan tsohon mai alƙalami saura.

Ka gaishe mini da Nirmala, Ubangiji ya saka mata, ta yi haƙuri da jinin gidanmu. Ka shafa kan Anshu da Mithi, ka ce kakansu ya ce su bar ubansu ya huta. Kusum da Dinanath da yaransu suna gaishe ku. Gwaggonka Phulmati tana gaisuwa, ta ce a ƙara maka citta. Malam Tribeni ma ya ce a sa tasa, na ce ya sa a ƙasa.

Kada Nirmala ta amsa a madadinka, kada ka aiko ta bakin Kusum, kada ka aiko mini da rigar sanyi kamar bara. Ka kira wayar Kusum, ka ce a ba ni, wannan karon zan karɓa. In muryarka ba ta fita, zan jira a kan layin har ta fito. An karanta mini takardar nan daga farko har ƙarshe, ba a rage komai ba, ga yatsana na dangwala.

Awadhesh, uwarka ta ci, ko ba ta ci ba?

Mahaifinka,
Bindeshwari Prasad