Ƙaron Kasuwar Kawo

Kurmin Mashi, Kaduna
14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya ƙafar? Yaya zafin Gumel? Yaya Goggo Hansai da hidimar gida? Surukinka Sharhabil yana gaishe ka da kyau. Jiya na kira wayarka, na yi ta zuba kana amsa mini da "to, to", ashe ba ka sa abin jin nan a kunne ba, wai yana maka ƙaiƙayi. Goggo ce ta tona maka asiri. Tunda haka ne mu koma takarda, direban motar Gumel ya san gida.

Baba, albishirinka. Ka sha tambayata wai me nake yi a cibiyar binciken nan ta Unguwar Rimi har shekara huɗu, kullum cikin farar riga amma ban taɓa duba mara lafiya ba. To yau zan yi maka bayani, don aikin ya fara nuna fuska.

Wasu ƙwayoyi muke haɗawa na ƙarfe, ƙanana ƙwarai, in aka jera dubu ba su kai kaurin silin gashi ba. Kowace ƙwaya muna ɗora mata maganin ciwon daji, mu kuma maƙala mata wani sinadari da cutar ke kwaɗayinsa. In aka yi allurarsu sai su bi jini su je su taru a kan ƙullutun dajin. Da yake ƙarfe ne, na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki tana ganinsu, mu ga daidai inda cutar ta ɓoye, kuma a nan maganin zai sauka. Ka tuna yadda maganin da aka yi wa Inna ya bi jikinta gaba ɗaya, ya zubar mata da gashi, ya hana ta haɗiyar ko da kunu. Abin da nake so in hana faruwa ke nan.

Matsalarmu ita ce ƙwayoyin ba sa zama ɗai-ɗai. Da sun shiga jini sai su dunƙule, hanta ta kwashe su tun ba su je ko'ina ba. Dole sai an yi musu wata riga. Na gwada abubuwa sun fi goma, a ƙarshe na gwada ƙaro, wannan dai da masu wankin hula ke jiƙawa, wanda kake sa wa tawada. Na je kasuwar Kawo na sayo kilo guda na ƙaron dakwara wajen wani dattijo, Malam Abdurrahim, na wanke, na tace, na lulluɓe ƙwayoyin da shi. Baba, cikin ɓeraye goma sha biyu masu ciwon, ƙullutun goma ya motse cikin sati uku, kuma a hoto muna ganin ƙwayoyin zaune a kansa baƙi ƙirin.

Shugabarmu Farfesa Ummukulthum har rungume ni ta yi. Abokin aikina Dakta Nura kuwa, wanda tun farko ya ce ba a kimiyya da kayan kasuwa, ya sha mur ya ce sai an maimaita. Gaskiyarsa ce, duk da ban so ta fito daga bakinsa ba. Za mu maimaita da tataccen ƙaro na kamfani, mai takardar shaida. Ka sa ni a addu'a.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Harira

Kurmin Mashi, Kaduna
30 ga Yuni, 2025

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Goggo. Yaya jiki, yaya ruwa? An ce kun samu shuka, Allah ya sa damina mai albarka ce. Na ga takardarka tun kafin Babbar Salla, ka yafe mini rashin amsa. Ba mantuwa ba ce, na rasa ta inda zan fara ne.

Aikin ya ƙi. Sau uku muna maimaitawa da ƙaron kamfani, sau uku ƙwayoyin na dunƙulewa, hanta ta yi baƙi a hoto, ƙullutun kuwa ko a jikinsa. Na ce to a koma ga ƙaron kasuwa. Dakta Nura ya ce shi zai je da kansa don kada a ce an yi wani abu. Ya je wajen Malam Abdurrahim ɗin, ya sayo kilo guda daga buhun da na saya, ya haɗa da hannunsa ina tsaye ina kallo. Nan ma ya ƙi.

Ranar Litinin da ta wuce aka kira ni ofishin Farfesa. Dakta Nura ya rubuta takarda cewa yana zargin hotunan farko gyara su aka yi a kwamfuta. A taƙaice, wai ƙarya na shirya. An kafa kwamiti, an ba ni zuwa ƙarshen Satumba in nuna yadda na samu abin da na samu. In na kasa, za a kore ni, a kuma rubuta wa hukumar da ta ɗauki nauyin aikin, kuma wanda aka kora da irin wannan tambari ba ya sake shiga ɗakin bincike a ko'ina. Yanzu ko kwalba zan taɓa sai da mai sa ido a kaina.

Baba, ina jin kunya, kuma ina jin haushi, ban san wanda ya fi yawa ba. Mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya yanzu in na shigo sai kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Abin da ya fi cin raina shi ne ni kaina na fara shakkar idona. Na karanta littafin aikina har na haddace shi, ban ga inda na kauce ba. Sharhabil yana ta ba ni baki, ya ce in ci abinci, ni kuwa sai in huce a kansa, bawan Allah.

Sunanka ne a bayan nawa a kan takardar zargin. Wannan ya sa na ga bai kamata ka ji daga bakin wani ba.

Ka yi mini addu'a.
'Yarka,
Harira

Kurmin Mashi, Kaduna
28 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kana lafiya, kai da Goggo da duk mutanen gida. Yaya ƙafar da sanyin damina? Na samu takardarka da ƙullin kuka da daddawa, Allah ya ƙara girma. Ka gyara zama, don wannan takardar ta fi ta baya daɗi.

Talatar sati biyu da suka wuce na ce bari in je Kawo da ƙafata. Ba don ina da wata dabara ba, zaman gidan ne ya ishe ni. Na sami Malam Abdurrahim a rumfarsa, muka gaisa, na ce ya auna mini kilo guda na dakwara. Ya auna. Ni kuma bakina da ya saba, ban ma san ya fita ba, na ce, "Malam, ba gyara?" Sai ya yi dariya ya juya bayansa, ya zura hannu cikin wani ƙaramin buhu, ba babban da ya auna daga ciki ba, ya damƙo ya watsa a kan nawa.

Na riƙe bakin ledar na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ƙaron dushe ne, ja-ja mai saurin marmashewa, bai kai dakwara daraja ba, shi ya sa da shi yake gyara, kuma haka yake yi tun kafin a haife ni. Na tambaye shi ko ya tuna wani mai tabarau da ya zo a watan jiya, wato Dakta Nura. Ya ce yaya za a yi ya manta mutumin da ya zo da ma'auninsa a jaka? Wai da ya miƙa hannu zai yi masa gyara, sai mutumin ya tare shi ya ce kilo ɗaya ya ce, ba ya son ko ƙwaya a kai. Malam ya ce shekara arba'in yana kasuwa bai taɓa ganin wanda ya ƙi gyara ba, har ya ɗauka ko wani laifi ya yi masa.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Ƙarona na farko gauraye ne, dakwara da ɗan dushe, na wanke su tare na niƙa ban sani ba. A littafina na rubuta nauyi, na rubuta rana, na rubuta zafin ruwan da na jiƙa shi, amma ban rubuta gyara ba. Wa yake rubuta gyara? Laifina ne, kuma na faɗa wa kwamiti haka da bakina.

Washegari na koma da ma'aunin ɗakin bincike. Na roƙi Malam ya damƙo mini dushe sau goma, ina auna kowace damƙa ina rubutawa. Kafin mu gama mutane sun kewaye rumfar, wata mai sayar da kayan miya tana tambaya ko hukuma ce ta zo kama shi. Shi kuwa sai gyara hula yake yana cewa hannunsa ake aunawa za a kai Turai. Allah ya ba shi hannu mai gaskiya, damƙarsa kusan ɗaya ce kowane lokaci, wajen kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kilo.

Na haɗa kwalabe shida, kowace da nata gwargwadon dushen, na zuba ƙwayoyin a ruwan gishiri mai kama da na jini. Biyar sun kwanta a ƙasan kwalba. Ta shidan, mai awon hannun Malam, yau kwana tara ke nan ko gezau. Dalilin da ya sa haɗin biyun ya fi kowanne shi kaɗai ban gama gane shi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na gane ba.

Kwalba dai ba ɓera ba ce. Kwamiti ya ce a sake gwajin, kuma na ce Dakta Nura nake so ya yi shi tun daga jiƙa ƙaro har allura, ni ko ɗakin ba zan shiga ba. Sharhabil ya ce na cika taurin kai, na ce ya je Gumel ya ga inda na gado shi.

A gaida Goggo. Ka huta lafiya.
'Yarka,
Harira

Kurmin Mashi, Kaduna
8 ga Satumba, 2025

Zuwa ga mahaifina, Malam Yahya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Goggo Hansai. Yaya ƙarfin jiki? Yaya gero, ya fara nuna? Mu nan lafiya ƙalau, lafiyar da rabona da ita tun watan Mayu.

Baba, Allah ya wanke ni.

Shekaranjiya Asabar da hantsi aka ɗauki hoton ɓerayen. Ranar ce asibitin da muke aron na'urarsu ba su da layin marasa lafiya. 'Yan kwamiti uku suka zo, da Farfesa, da Dakta Nura da akwatunan ɓerayensa. Ni aka ba ni kujera a bayan ɗaki. Sati uku ban sa su a ido ba, ban san mai rai ba, ban san matacce ba. Na zauna na zuba wa allon na'urar ido.

Hoton farko ya fito a hankali, daga kai zuwa wutsiya. Hanta fes. Can gefen cinya, inda aka dasa ciwon, sai ga baƙin ɗigon nan zaune daram a kan ƙullutun, ƙullutun kuma bai kai rabin yadda yake a hoton ranar farko ba. Aka sa na biyu, haka. Na uku, haka. Wajen na bakwai na daina gani sosai saboda hawaye, sai muryar Farfesa nake ji tana ƙirgawa. Goma sha ɗaya cikin goma sha biyu, Baba. Ya fi nawa na farko da ɗaya, kuma da hannun mutumin da ya ce ƙarya na yi.

Dakta Nura ya daɗe tsaye gaban allon. Sannan ya cire tabarau ya juyo, a gaban kowa ya ce, "Malama Harira, na zarge ki da abin da ba ki aikata ba. A rubuce na yi zargin, a rubuce zan janye shi. Ki yafe mini."

Ba zan ɓoye maka ba, na tanadi maganganu masu zafi tun watan Yuni, na jera su, na san wadda zan fara da ita. Da lokacin ya zo ko ɗaya ba ta fito ba. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Daga baya na ga ai ba don tsananinsa ba da na buga aikin da kuskurena a ciki, wani ya gwada a wata ƙasa ya ƙi, a rasa dalili har abada. Na faɗa masa haka, amma sai yau da safe, don na ga ya kamata shi ma ya ɗan kwana biyu da abin a ransa.

Yau kwamiti ya ba ni takardar wankewa, an cire mai sa ido, an mayar mini da mabuɗin ɗakina. Farfesa ta ce mu fara rubuta sakamakon tare. Kada Goggo ta fara shelar cewa na gano maganin daji, ka ja mata kunne. Ɓeraye ne tukuna, tsakaninmu da jikin mutum akwai shekaru da gwaje-gwaje masu yawa. Amma hanyar ta buɗe, kuma ina cikin masu tafiya a kanta.

Akwai abin da nake so in faɗa maka wanda ba zan iya ba in muna ido da ido. Takardu uku ka aiko mini tun da wannan abu ya taso. Na karanta kowace ina jiran layin da za ka tambaye ni ko na yi. Farfesa ta tambaye ni, ƙawayena sun tambaya ta bayan fage, ni ma akwai ranar da na tambayi kaina. Kai kaɗai ne ba ka tambaya ba, sai dai ka ce in riƙa cin abinci, in kuma riƙe salla. Ranakun da na ji kamar in ajiye aikin in gudo gida, wannan ne ya hana ni.

Ga kwafin takardar nan na sa maka a cikin ambulan. Na san ba ka buƙatarta, amma ina so ka riƙe ta a hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Muna nan tafe ranar Juma'a in sha Allahu.

'Yarka mai ƙaunarka,
Harira Yahya