Korona Ba Ta Shiga Zauren Mushe

Gure, daren Laraba, cikin azumi

Wai korona zaɓen zaure take yi? Ta san namu, ba ta san na Mushe Ari ba?

Tun da aka rufe lakwal, makarantar boko, Falmata, ɗiyar yayata, ta hana uwarta sakat, ko surfe ba ta barin ta ta yi. Sai na zuba rairayi a zaurenmu ina rubuta mata baƙaƙe da yatsa tana bi, yadda na koya wa kaina. 'Ya'yan maƙwabta biyu suka biyo ta. Mushe Ari, malamin ajinsu, har kafaɗata ya dafa ya ce, "Ƙanena, Allah ya yi maka albarka." Shi ɗin ne kuma ya kai ƙarata gun mai unguwa, wai ina tara yara cikin annoba. Aka sa na share rairayin da hannuna, yarinya na kallo.

Yau da la'asar uwarta ta aike ta kai kunu gidan Mushe Ari. Ta dawo ta ce, "Kawu, 'yan ajinmu na zauren Mushe suna karatu. Ni laifi na yi?" Na je na leƙa da kaina. 'Ya'yan ma'aikata ne cike da tabarma, ko takunkumi babu.

Na koma gida na yi buɗa-baki.

Ba zan same shi a ɓoye ba, wallahi. Gobe ya fito bainar jama'a, Falmata a gabansa, ya faɗa mata da bakinsa laifin da ta yi.